Ranar da Arvil Stidham Ya Yi Shiru

A duk tsaunukan gabashin jihar Kentucky, in mutum ya zaro tsohuwar bindiga daga rufin ɗakin kakansa, yana son ya san ko dukiya ya tsinta ko tarkace, wurin Arvil Stidham ake tura shi. Tsoho ne ɗan shekara sittin da tara, siriri, ga taurin kai, ga baki ba linzami. Bindigogin ɗuri na zamanin kakanni, masu cin albarushi da dalma ta baki, waɗanda ake kifa wa 'yar hular tagulla a gefe, guduma ta dake ta su tashi, su ne aikinsa, su ne hirarsa. Goma sha bakwai ke rataye a bangon ɗakinsa, kowace da sunan da ya raɗa mata. In ya shafa ƙota ya leƙa baki ya ce aikin wane ne, to magana ta ƙare. In kuwa ya rubuta a takarda ya sa hannu, masu kuɗin jihar Ohio da ke sayen irinsu ba sa ƙara tambaya.

Amma abin da ya fi yi masa suna, har ana kwaikwayonsa a shagon aski, shi ne awon sanda. Ko wace bindiga aka miƙo masa, kafin ya dubi kyanta ko muninta, sai ya zare sandar ɗuri ya zura ta cikin baki har ta dire, ya danne da babban yatsa daidai leɓen bakin, ya zaro, ya shimfiɗa ta a bayan bututun. In kan sandar ya kai har gindi, wofi ce, sai ya mayar da sandar wurinta bai ce uffan ba, ya ci gaba da dubansa. In ta gaza da yatsa biyu ko uku, to akwai albarushi da dalma kwance a ciki tun wani zamani, sai ya ɗaga murya yadda na bakin titi zai ji: "A ɗure take! Kowa ya kauce daga bakinta!" Mutanen dauri ba sa ajiye bindiga wofi. Sukan ɗura su rataye a kan ƙofa, mai ita ya mutu, jikoki su manta. Shi kuwa baƙin albarushi ba ruwansa da tsufa.

Ba a banza ya ɗauki wannan al'ada ba. Yayansa Hobart maƙeri ne. Wata rana aka kawo masa bututun da matoshin gindinsa ya cije da tsatsa, ya cusa gindin a wuta don ya saki, bakin yana kallon ƙirjinsa. Dalmar da aka ɗura tun kafin a haifi ubansu ita ta jingina shi da bangon maƙera. Arvil ne ya wanke jinin. Shekara arba'in da shida ke nan, bai taɓa riƙe bindiga a ɗure ya yi shiru ba, har shirunsa ya zama shaida a wurin mutane: in Arvil ya auna bai yi magana ba, ka iya ba jaririnka ita ya yi wasa.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Oleta, kuma a kan bencin aikinsa ta girma. Tun tana 'yar shekara tara take gane aikin hannu da na inji, ta fi rabin mazan da ke zuwa yi masa surutu sanin bindiga. Ita ce ta je ta auri Dorsey Maggard, direban motar kwal, ƙato mai fara'a a coci, mai hannu a gida. Shekara goma sha ɗaya. A ciki ya karya mata tsintsiyar hannu, ya zubar mata da haƙora biyu, ya ɓarar mata da ciki a kan matakalar baranda. Sau uku Arvil yana zuwa ya ɗauko ta, sau uku Dorsey yana tsayawa a bakin shinge ya kira sunanta, ta tashi ta ɗaura ɗankwali ta bi shi. An kai ƙara wurin ɗan sandan gunduma, ya ce maganar miji da mata ce. Fasto ya ce a yi haƙuri a yi addu'a. Arvil dai abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake roƙon Allah a kai, ya ga 'yarsa ta fita daga gidan nan da ƙafafunta, kafin a fitar da ita a akwati.

Wata Asabar da hantsi, cikin watan Oktoba, sai ga Burl, ƙanen Dorsey, ya tsaya da akori-kura a ƙofar gida. Burl ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, wanda wani lokacin ya fi mugun ɓarna.

"Baba Arvil, Yaya ne ya ce ka zo ka duba masa wata bindiga."

"Ƙafarsa ce ta karye?"

"Don Allah ka zo, Baba. Tun jiya yake sha. In na koma ni kaɗai, ka san wadda za ta ji a jikinta."

Arvil ya tofar da tabar da ke bakinsa, ya ɗauki tabarau da hula, ya shiga mota.

A rumfar bayan gida suka tarar da Dorsey, inda yake ajiye kayan gyaran mota. Benci ne mai rawa, da bayis, matsen ƙarfen nan na maƙera, ɗaure a kansa, da tukunyar gas ta masu walda a gefe. Bindigar tana kwance a kan tsohon bargo.

"A'a, ga surukina! Ga alƙalin alƙalai!" in ji Dorsey, yana warin giya tun daga nesa. "Tsoho, yau za ka ga abin da ba ka taɓa ratayewa a bangonka ba. Aikin Lemuel Cornett! Karyata ta farauta na bayar, da bindigata ta zamani, wani ɗan jihar Tennessee ya ba ni ita. Akwai mutumin Ohio da zai zo Litinin, takardarka kawai yake jira."

Lemuel Cornett shi ne maƙerin bindigar da kowa ke mafarki a wannan yanki. Tara kacal aka sani na aikinsa da suka rage, kuma Arvil ya taɓa duba bakwai da hannunsa.

Ya ɗauki bindigar. Ta kusa kai masa haɓa don tsawo. Ya zare sanda ya zura, ya danne da yatsa, ya zaro, ya shimfiɗa. Daidai nan Oleta ta shigo da kofi biyu a faranti, ta tsaya a gefensa. Idonta na hagu ya kumbura ya rufe, leɓenta a fashe. Arvil ya dubi sandar. Ta gaza da yatsa uku cif.

Ya ja numfashi zai ɗaga murya.

"Ke, wannan kofi ne ko ruwan wanki?" Dorsey ya kurɓa ya fesar, ya juya bayan hannu ya wanke ta da mari. Farantin ya yi sama, ta faɗa jikin bencin, ta durƙusa tana tsince fasassun kofuna ba ta ko yi kuka ba.

Maganar ta maƙale wa Arvil a wuya. Ransa ya yi baƙi ƙirin. Ya ce a ransa zai faɗa, bari dai ya haɗiye wannan tukuna. Ya mayar da sandar wurinta. Burl, da ke tsaye kusa da bakin bindigar yana shirin kaucewa, ya ga tsoho bai yi magana ba, sai ya saki jiki ya zauna a kan taya.

"To, malam alƙali, muna jin ka," in ji Dorsey.

Arvil ya sa tabarau. Ko a cikin wannan baƙin ciki, hannunsa ya san aikinsa. Ya shafa ƙotar, itace mai ratsi-ratsi da gumin hannun mutane ya dafa har ya yi duhu. Ya bi kusurwa takwas na bututun da yatsa, ya ji 'yan tudun da guduma ta bari. Ya taɓa 'yar gangar ƙarfen nan da ake ɗaurawa a gefen gindi, wadda hular tagulla ke zama a kanta, ya ji tana motsi.

"Tsohuwa ce, ba ƙarya. Ta haura shekara ɗari da ashirin. Bututun aikin hannu ne, wani talakan maƙeri ne ya yi shi, kuma ya yi da gaskiya. Gangar nan tsatsa ta cinye zarenta, da ƙyar take riƙe. Bindigar kirki ce ta harbin kurege."

"Sunan fa? Karanta sunan!" in ji Dorsey, yana nuna rubutun da ke jikin bututun.

"Na gani. Sunan bai kai shekara biyu ba. Dubi cikin haruffan, fes suke, an yanka su ne a kan tsatsa, aka shafa musu toka da man inji. Kuma Cornett bai taɓa rubuta sunansa a waje ba. Tauraro yake bugawa a fuskar matoshin gindi, daga ciki, inda ba mai gani sai wanda ya kwance. Ɗan Tennessee ya yi maka wayo, Dorsey. Ka yi asarar karya mai kyau."

Burl ya yi kuskuren sakin dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Dorsey bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da sauƙi. Ya zaro takarda da biro daga aljihun riga ya ajiye a kan benci, ya ce a hankali, "Rubuta Cornett, ka sa hannu."

"Ba na sa hannu a kan ƙarya."

"Tsoho, 'yarka nake aure."

"Na sani. Kullum ina gani a fuskarta."

Naushin farko a ciki ya same shi, ya naɗe. Na biyu ya fasa tabarau a kan karan hancinsa, jini ya ɓalle. Dorsey ya shaƙo wuyan rigarsa ya ja shi zuwa benci, ya kama hannunsa na hagu ya cusa yatsun a bakin bayis, ya fara juya mariƙin.

"Na dama zan bar maka, da shi za ka rubuta. Ka ga ai ina da tausayi."

"Yaya, ya isa haka! Tsoho ne fa!" in ji Burl, amma daga kan tayar yake maganar, bai tashi ba.

Ƙarfe ya kama nama. Arvil ya cije haƙora, gumi ya karyo masa. Oleta ta taso ta rungume hannun mijinta. "Dorsey, don girman Allah! Babana ne! Ni ka daka, ka bar shi!" Ya yi mata gula da gwiwar hannu a ƙirji, ta yi baya ta bugu da tukunyar gas ta zube. Ya ƙara juyi ɗaya. Arvil ya ji ƙas, ya sake jin ƙas har sau biyu, kamar ana karya busasshen kara. Ihun da ya fito daga bakinsa shi kansa bai san muryarsa ba ce.

"Cornett ce ko ba Cornett ba ce?"

"Ba... ita ba ce."

Kai, tsohon nan da kafiya yake! Dorsey ya tsaya yana huci yana kallonsa. Can sai wani tunani ya faɗo masa, ya yi murmushi, ya sassauta bayis. Arvil ya sulale ƙasa ya jingina da ƙafar bencin, ya rungume hannun a ƙirji. Yatsu uku sun lanƙwashe ta inda Allah bai yi su lanƙwashe ba.

"Tauraro ka ce, ko? A fuskar matoshi, daga ciki? To yanzu za mu buɗe. In na ga tauraro, wallahi sai ka rubuta takardar nan da jininka. Hassada ce ke cin ka, don ba a bangonka take ba."

Ya fizge bututun daga ƙota ba ko lallashi, itacen da ya shekara ɗari lafiya ya tsage. Ya ɗaure gindin a bayis, jinin Arvil bai ko bushe a kai ba. Ya kafa sifana a matoshi ya danna. Ko gezau. Ya hau da ƙarfinsa duka, sai bencin ya yi rawa, dogon bututun ya karkace gefe.

"Tsatsa ce. Burl, kunna wuta ka gasa gindin, zai saki. Ni zan riƙe nan."

Burl ya kunna wutar walda, shuɗin harshenta ya fito yana huci. Dorsey ya zagaya ya kama bakin bututun da hannu biyu, ya tokare shi da tumbinsa, daidai saman bel, don kada ya motsa.

Arvil yana zaune a ƙasa yana kallo. Ya ga bakin bindigar ya nutse a rigar Dorsey. Ya ga wutar tana lasar gindin, daidai inda yatsa uku na albarushi ke kwance. Ya san abin da zai faru, ya ma san kusan minti nawa zai ɗauka, don ƙarfen mai kauri ne. Maganar tana nan a bakinsa, kalma uku, ya faɗe su ya fi sau ɗari a rayuwarsa, ya faɗa wa baƙi, ya faɗa wa mutanen da ba ya ƙauna. Hobart ya faɗo masa a rai, jingine da bangon maƙera, idonsa a buɗe. Sai ya juya ya dubi Oleta, tana dafe da ƙirji a jikin tukunyar gas, ido ɗaya a rufe.

Ya rufe bakinsa. Ba mantuwa ba ce wannan karon. Ya sani sarai kisan kai yake yi, ya kuma ji zai iya tsayawa gaban Ubangiji da shi. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne daɗin da ya ji a ransa.

Tsohon mai ya fara hayaƙi a jikin ƙarfen, rumfar ta cika da ƙauri. Arvil yana ƙirga numfashinsa. Goma. Ashirin. Azabar hannun ma ta ja baya.

"Kai, wane irin gashi kake yi haka kamar mai gasa wa jariri masara?" Dorsey ya daka wa ƙanensa tsawa. "Matso da wutar! Kai dai ba ka iya komai ba. Kawo nan! Je ka mota ka ɗauko mini babbar sifana."

Ya saki bakin bututun ya zagayo ya fizge wutar. Burl ya fita da gudu. Bututun ya ɗan karkata, Dorsey ya yi tsaki.

"Oleta! Tashi ki riƙe mini nan. Ki tokare da cikinki, in ya motsa ki kuka da kanki."

Ta tashi. Ta share hannu a jikin siket, ta taka a hankali ta kama bakin bindigar da hannu biyu, ta ɗora shi ƙasan ƙirjinta. Dorsey ya sunkuya, fuskarsa dab da gindin, ya kafa wutar a wuri ɗaya.

Duniya ta juya wa Arvil.

"A ɗure take!" Muryar ta fito a shaƙe, da jini. Ya sake ɗagawa da duk abin da ya rage masa. "A ɗure take! Oleta, kauce! Dorsey, kashe wutar!"

Dorsey ya tuntsire da dariya, bai ko ɗago ba. "Ji tsohon maƙaryaci! A gabana ka auna ka mayar da sanda. Duk gundumar nan wa bai san shirun Arvil Stidham ba? Yanzu da ka ga za a ga tauraro shi ne ta zama a ɗure?"

"Na rantse da kabarin matata! Yatsa uku! Na gani na yi shiru!"

"Kai ka yi shiru? Kai? Ko Burl ba zai sayi wannan ba. Ke kuma in kika saki, sai na karya ki."

Sunan da ya shekara arba'in da shida yana ginawa, yau shi ya toshe kunnen mutumin. Arvil ya dubi 'yarsa. "Oleta, saki! 'Yar nan, saki mana!" Ba ta saki ba. Idonta mai gani yana kan bangon rumfar, hannuwanta sun riƙe ƙarfen gam.

Bai san yadda aka yi ya miƙe ba. Ya dafa ƙasa da karyayyen hannun, bai ma ji ba. Taku huɗu ne tsakaninsu, ya yi su a biyu, ya bangaje ta da kafaɗa da duk nauyinsa. Ta yi gefe ta faɗi cikin tarkacen ƙarafa. Shi kuwa sai ga shi tsaye a inda take.

Sai bindigar ta tashi, ƙarar ta girgiza kwanon rufin, kajin gidan suka watse. Farin hayaƙi ya cika rumfar, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Arvil ya ji kamar alfadari ya harbe shi a ƙasan haƙarƙari na dama, ya ga rufin yana tafiya, sai ya ji bayansa a ƙasa. Ya kai hannu wurin, ya ji ɗumi yana bulbulowa ta tsakanin yatsunsa.

Da hayaƙin ya fara washewa, ya hango Dorsey. Albarushin bai fita ta gaba kaɗai ba. 'Yar gangar nan da tsatsa ta cinye wa zare ta tsinke ta fita ta gefe, ta shige masa ƙarƙashin muƙamuƙi. Yana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, ya riƙe wuya da hannu biyu, jini na tsartuwa yana jiƙa masa riga har cinya. Wutar waldar tana gefe tana ci gaba da huci a kan ƙasa.

Burl ya shigo da babbar sifana a hannu, ya tsaya, sifanar ta faɗi. "Wayyo Allah! Yaya! Baba Arvil! Wayyo ni!" Ya juya ya kwasa, aka ji motar ta tashi, ya tafi neman waya a shagon bakin hanya, mil huɗu daga nan.

Oleta ta rarrafo. Sai da ta fara kashe tukunyar gas, don ita 'yar bencin aiki ce. Sannan ta zo ta durƙusa a kan ubanta, ta cire ɗankwali ta dunƙule ta danna a ramin. Ta ɗora kansa a cinyarta.

"Baba, kada ka yi magana. Burl ya tafi kiran motar asibiti."

"Bari in faɗa." Kowace kalma sai ya sayo ta da numfashi. "Ba mantuwa na yi ba. Na auna, na gani. Na bar shi ya tokare da cikinsa, ina kallo. Na so ya mutu, Oleta. Saura kaɗan in kashe ki."

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba."

"Ina tsaye a gefenka da faranti lokacin da ka shimfiɗa sandar. Na ga inda ta tsaya. Yatsa uku. Wa ya koya mini?" Ta share masa jinin hanci da gefen hannunta. "Da ya tokare da cikinsa, ni ma ina kallo. Ni ma ban ce komai ba."

Arvil ya dube ta. Sanyi ya fara hawowa daga ƙafafunsa.

"Kin san a ɗure take... kika tashi kika kama? Kika ɗora a ƙirjinki?"

"E."

"Don me, 'yar nan? Don me?"

Ta dubi hannuwanta kamar na wata ne. Da ta yi magana, muryarta ba kuka a ciki, ba komai.

"Ya kira ni, Baba."

Nan Arvil ya yi kuka. Bai yi ba da aka murƙushe masa yatsu, bai yi ba da dalma ta shige shi, amma yanzu hawaye suka gangaro masa har cikin kunne. Shekara goma sha ɗaya yana ganin tabon da ke fuskarta, ashe bai ga komai ba.

Daga can gefen bencin, inda Dorsey yake, aka ji wani gurnani, kamar ruwa na wucewa a toshasshen bututu.

"O...leta."

Arvil ya ji cinyarta ta motsa a ƙarƙashin kansa. Jikinta ya riga ya fara tashi tun kafin ta sani. Ya ɗaga hannunsa na dama, wanda aka bar masa don sa hannu, ya kama tsintsiyar hannunta, daidai inda ta taɓa karyewa. Ba wani ƙarfi a riƙon, ko yaro zai fizge.

"Oleta... zo."

Ta runtse ido. Yana jin bugun jininta a tafinsa. Ba ta fizge ba. Ta ƙara danna ɗankwalin a cikinsa da ɗaya hannun.

Aka ɗan jima. Kajin suka fara dawowa tsakar gida suna tsattsaga. Arvil ya ji yatsunsa suna saki da kansu, ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙoƙari ya riƙe ya kasa. Hannun ya zame ya faɗi ƙasa. Yanzu ba abin da ke riƙe da ita.

Kira na uku ya zo, can ƙasa-ƙasa, rabin sunan kawai.

Arvil ya tattara hankalinsa duka a kan cinyar da kansa ke kai, yana jira ya ji ta motsa. Ya jira. Oleta ta sunkuyo ta cire masa fasasshen tabarau, ta ninke shi ta sa a aljihun rigarsa, ta gyara masa kai, ta zauna daram.